Yajin Yaya a kasuwar dare ta Feng Chia

Kwana uku kafin in tashi zuwa Taiwan, Yaya ta aiko mini da ƙunshi biyu: kilishi nannaɗe a takarda, da yaji cike da gwangwanin madara. Ta ce in kai wa "yaron nan". Ɗanta ne na fari, shekara 26 ke nan ba ta taɓa kama sunansa ba, ko yanzu da ya yi nisan da sai an kwana a jirgi kafin a iske shi. Da na je sallama ta ƙara mini aike na uku, wanda ba ya shiga jaka.

"Auta, ka duba min abin da yake ci. Na ga wuyansa a waya, ya ƙara tsawo."

Kilishin dai bai bar Kano ba. Yaron na jin labari sai ga kiransa: "Kawu, don girman Allah kada ka shigo da nama, ko tsoka ɗaya." Ashe Taiwan ba ta wasa da wannan. Tun ƙarshen 2018, da cutar aladu ta bazu a Sin, suka tsananta bincike a filin jirgi. Wanda aka kama da wani abu na naman alade daga ƙasar da cutar take, tarar farko dala 200,000 ce ta kuɗinsu, sauran nama ma akwai tasa tarar. Muka taru a tsakar gida muka cinye kilishin a madadinsa, muka yi masa addu'a. Yajin ne ya tsallake. Na nuna shi a filin jirgin Taoyuan, ma'aikacin ya buɗe ya leƙa, ya tambaya ko da nama a ciki, ya rufe ya miƙo mini.

Ba yawon buɗe ido ya kai ni ba. Sana'ata ƙananan injuna ce, na like leda da na cika kwalba, kuma baje kolin injuna na je a Taipei. Ranar Juma'a na gama abin da ya kawo ni, na yi salla a babban masallacin Taipei, wanda aka buɗe tun 1960, inda yawancin sahun 'yan Indonesiya ne masu aikatau da aikin masana'anta. Daga nan na hau jirgin ƙasan nan mai gudun kilomita 300 a sa'a. Kafin in gama lissafin kwana nawa irin wannan tafiya take ɗauka a wani wurin, mun iso Taichung, garin da yaron yake karatu. Sa'a ɗaya ba ta cika ba. Direban tasin da ya ɗauke mu daga tasha yana taunar wani ɗan 'ya'yan itace da ya rina masa haƙora ja, yana tofarwa a kofi. Binlang suke ce masa. Shi ne goronsu, na direbobi da leburori, don korar barci.

Yaron ya rame, gaskiyar Yaya ce, amma ramar karatu ce ba ta yunwa ba. Ɗakinsa ciki ɗaya ne a hawa na huɗu, da ɗan banɗaki, da tebur, da taga mai kallon bangon maƙwabta. Babu kicin, kuma mai gidan ya hana kunna gas. Abin girkinsa kaf wata tukunyar lantarki ce ƙirar Tatung, wadda ya gada daga wani ɗalibi da ya gama ya tafi. A ciki yake dafa shinkafa da wake da ƙwai. Ya ce haka yawancin ɗakunan haya na ɗalibai suke a unguwar, dubban matasa ne a ɗakunan da ba murhu.

"To a ina kuke ci?"

Ya nuna ƙasa da yatsa. "Bari mu yi magariba, Kawu."

A Nuwamba rana tana faɗuwa da wuri, biyar da 'yan mintuna. Muka yi salla, ya buɗe gwangwanin yajin ya shaƙa, ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya ɗebi kaɗan ya ƙulla a leda ya sa a aljihu. Ya ɗauki wani kofin ƙarfe mai murfi da wata ledar daban, muka sauka.

Ƙofar Jami'ar Feng Chia tana buɗewa ne kai tsaye a kan titin Wenhua, kuma daga bakin ƙofar kasuwar take farawa. An kafa makarantar a 1961, aka sa mata sunan Chiu Feng-chia, wani malami mawaƙi da ya yi tsayin daka a 1895 lokacin da Sin ta miƙa tsibirin ga Japan. Da makarantar ta koma wannan gefe na gari, Xitun, sai masu abinci suka biyo ɗalibai, kamar yadda masu shayi da masu ƙosai suke bin kowace makaranta a duniya. Bambancin shi ne a nan abin ya girmi bakin ƙofa, ya cinye titin Wenhua, ya malala zuwa Fuxing da Fengjia da lungunan da ke tsakani, har ya zama ɗaya daga cikin manyan kasuwannin dare na ƙasar. Yau motocin baƙi daga Japan da Koriya da Hong Kong suke sauke mutane a wurin. Amma ɗalibi mai tsabar 50 a hannu shi ne ya raini kasuwar, kuma har yanzu da aljihunsa ake auna farashi. Dala 100 ta Taiwan ta ɗan ɗara dala 3 ta Amurka, kuma abubuwa da yawa ba su kai 100 ɗin ba.

Na san cikowa. Na taso ina kutsawa a Kurmi da Kwari ranar jajiberin salla. Abin da ban saba ba shi ne cikowa babu hayaniyar faɗa. Ba masaka tsinke, fitilu sun mai da dare rana, allunan rubutun Sinanci sun hau kan juna har sama, babura suna kutsawa a hankali ta gefen mutane, amma ba wanda ya ja mini riga ya ce "Alhaji, zo ka gani". A gaban kowace rumfa layi ne, mutane ashirin, talatin, kowa kansa a waya, ba mai tsallake wani. Wasu rumfunan ma lamba suke bayarwa kamar a banki. Ni da doguwar rigata da hula na zama abin kallo na daƙiƙa biyu, sannan kowa ya koma kan abin da ke hannunsa.

Sai ƙamshi. Nan fa matsalar take, domin hanci ba ya karatun Sinanci.

Ba mu yi taku hamsin ba na hango abin da ya tsinka mini yawu. Wata mata tana zaro wani abu baƙi-baƙi a tsinke daga cikin tururi, ta tsoma a romo, ta birkiɗa shi a garin gyaɗa har ya lulluɓe. Wallahi tsire ne sak, an barbaɗe shi da ƙuli. Na riga na sa hannu a aljihu, na ɗaga yatsa biyu, sai na ji an fizgo hannun rigata ta baya. Yaron da ko gaishe ni ba ya yi a tsaye, shi ne ya ja ni kamar akuya.

"Kawu, jinin alade ne. Da shinkafa ake cuɗa shi."

Ya saki rigar, ya sunkuyar da kai yana ba da haƙuri. Na ce ya ci gaba da ja duk inda ya ga dama. Baƙo makahon gari ne, kuma daga nan na koma bayansa.

Muka wuce rumfunan da suka fi kowane layi, yana yi mini bayani kamar mai nuna kaburbura. Wannan shi ne abin da kasuwar ta fi suna da shi, naman alade ɗure a hanji, a tsaga wani ɗurin na shinkafa mai danƙo a kwantar da shi a ciki. Wancan kuwa, inda wani saurayi yake zura hannu cikin tanderu yana manna curin fulawa a bango, daidai yadda matan Jakara suke gasa gurasa, cikinsa alade ne da albasa da masoro. Wainar fulawa mai ganyen albasa ba nama a cikinta, amma sau da yawa da kitsen alade ake murza ta. Ƙirjin kazar da ake bugawa ya yi faɗin fuska a soya, ɗalibai suna cinsa a takarda suna tafiya, ba yankan Musulmi ba ne, kuma wasu suna jiƙa shi da giyar shinkafa kafin suya. In yana son kaza, sai ranar Lahadi ya je wajen 'yan Indonesiya a wani dogon gini kusa da tsohuwar tashar jirgin ƙasa. Kalma biyu ya koya mini, masu kama da juna: ju rou, naman alade, da ju you, kitsensa. Ya ce ta biyun ta fi haɗari, don ba a ganinta.

A raina na fara shirya abin da zan faɗa wa Yaya. Yaro yana zaune a tsakiyar abinci kamar mai azumi a gidan biki.

Sai ya ciro wayarsa ya nuna mini wani jeri. Sunayen rumfuna ne da lungunansu, wasu da alamar kore, wasu an soke su. Ya ce ba shi ya fara ba. Wani ɗalibi ɗan Malesiya ne ya tura masa a makonsa na farko, shi ma wani ya tura masa, kuma duk wanda ya gano sabon abu sai ya ƙara. Tambaya uku ake yi wa mai rumfa: wane mai kake suya da shi, me kuma kake soyawa a cikinsa, akwai giya a romon? In rumfa ta canza hannu, a sake tambaya daga farko. Ya ce mutanen ba sa jin haushin tambaya, kuma ba sa yi maka ƙarya don su sayar da abin dala 40. Wani ma yana ganinsa zai kaɗa hannu tun daga nesa, alamar "nan ba naka ba ne".

Abin da ya fi taimakonsu shi ne yadda kasuwar kanta take. Rumfa ɗaya, abu ɗaya. Mai dankali dankali kawai yake soyawa, shekara da shekaru, man kaskonsa bai taɓa ganin wani abu ba. A matsayina na ɗan kasuwa wannan ya tsaya mini a rai fiye da fitilun. Mu in Allah ya buɗa wa mutum a shayi, gobe ya ƙara indomi, jibi ya ƙara katin waya, gata ya fara cajin waya, ƙarshe ba a san shi da komai ba.

Wurin mai dankalin muka fara. Dankalin Hausa ne, wannan mai zaƙin, an dafa an kwaɓa da sitaci an yanka ƙanana kamar ƙwallon yatsa. Mutumin ya zuba su a babban kasko, ya bari suka taso, sannan ya ɗauki wata faffaɗar matsami ta waya ya dinga danne su da ƙarfi a jikin kaskon. Ya danna ya saki, ya juya, ya sake dannawa. Na ɗauka zai farfasa su. Ashe kowace dannawa iska take shigar musu, sai ga su suna kumbura, suna zama ƙwallaye kamar ƙwan zabo, rawaya da shunayya. Kafaɗun mutumin kamar na ɗan dambe. Ka ciza, bayan ya yi ƙaras, cikin kuma fayau, sai ɗan danƙo mai tauna. Wannan danƙon suna da suna gare shi, "kiyu-kiyu", kuma yabo ne babba a wajensu, kamar yadda muke yabon tuwo da laushi. Yaron ya ce tsibirin kansa siffar dankali gare shi a taswira, har mutanen ƙasar sukan kira kansu 'ya'yan dankali, domin shi ya riƙe kakanninsu a shekarun da shinkafa ta yi wuya. Leda ɗaya 50. Na ci biyu.

Daga nan muka tsaya wajen mai gashi, inda aka jera wata halittar teku mai farin jiki da hannuwa barkatai, an tsire ta a sanda an baje a kan wuta. Yaron ya ce gishiri da masoro kawai za a sa mana, ban da romo. Na tuna masa cewa ni mutumin tudu ne, kifin da na sani tarwaɗa ce da karfasa. Ya tuna mini cewa a mazhabarmu ta Malikiyya duk abin da ke cikin teku halal ne. Halal ɗin ban musa ba. Na ci hannu ɗaya, na ji kamar ina taunar silifas mai daɗin gishiri, na bar masa sauran.

Tsakanin rumfunan abinci akwai shagunan tufafi, da na rigar waya, da na injunan nan da ake saka tsaba a yi ƙoƙarin cafko 'yar tsana da ƙugiya, da masu harbin balan-balan. Ban tsaya ba. Abin da na lura da shi kawai, kwandon shara sai an yi da gaske ake gani, amma titin tsaf. Kowa yana riƙe da tsinkensa da takardarsa har ya sami inda zai zubar. Amfanin ledar da yaron ya ɗauko ke nan.

Kofin ƙarfen kuma na shayi ne. Tun 2022 manyan shagunan abin sha suke rage wa wanda ya zo da kofinsa dala 5, kuma ɗalibi ba ya raina 5. Wannan shayin mai ƙwallaye da ya cika duniya, nan ƙasar aka ƙirƙiro shi a shekarun 1980. Shago biyu ne suke jayayya a kan wanda ya fara, Chun Shui Tang na nan Taichung da Hanlin na birnin Tainan, har suka shafe shekaru a kotu, ƙarshe kotu ta ce abin sha ne da kowa zai iya yi, ba na wani ba ne. Ba a cewa "ba ni shayi" a tafi. Sai an tambaye ka sukari nawa, cikakke ko rabi ko ɗan kaɗan, ƙanƙara nawa. Na ce cikakke. Yarinyar ta dube ni, ta dubi yaron, ta sake tambaya don ta tabbatar.

Na zuƙa ta wani bututu mai faɗi, sai ga ƙwallo baƙi ya faɗo mini a baki. Na tauna. Na sake taunawa.

"Wannan mene ne?"

"Rogo ne, Kawu."

Sitacin rogo ne, a murza shi ƙanana, a dafa, a jiƙa a baƙin sukari. Na tsaya a tsakiyar titi da kofi a hannu ina jin wani abu kamar haushi. Babu ƙasar da ta kai Najeriya noman rogo a duniya, wajen tan miliyan 60 a shekara. Su kuwa sitacin ma yawancinsa daga Tailan suke sayowa. Mun tsaya a gari da kwaki da dafaffen rogo da ƙuli, su sun mai da shi abin da matasan London da Dubai suke bin layi a kansa. Sannan idona ya faɗa kan abin da ya fi shafata, wato injin da ke bayan yarinyar. Ta ajiye kofi, ya shige, ya fito an like bakinsa da leda, ko ka kifa shi ba ya zuba, duka cikin daƙiƙa biyu. Kwana huɗu na yi a baje koli ina kallon injuna masu girman ɗaki, amma wannan ɗan ƙaramin ne na ɗauki hotonsa ta gaba da ta baya, ina tunanin masu zoɓo da kunun aya da fura da nono, da tsofaffin robobin ruwan da ake tsintowa a wanke a ɗura musu.

Akwai kuma mai alewar gyaɗa, wanda ba ya cikin lissafina amma sai da na tsaya. Curi guda ne na gyaɗa da sukari, girman bulo biyu, yana fere shi da irin abin da kafinta yake goge katako. Ya shimfiɗa wata 'yar fatar fulawa siririya, ya zuba feren gyaɗar, ya ɗora dunƙule biyu na askirim, sannan ya yayyafa ɗanyen ganye mai ƙamshi irin na miya, ya naɗe kamar tabarma. Ganye a askirim! Na so in ce a cire, yaron ya ce in bari. Ya fi ni gaskiya.

Wajen ƙarfe tara da rabi muka karya wani lungu, sai wani wari ya tare ni kamar bango. Na duba ƙasa ko kwata ce ta fashe. Na duba tafin takalmina. Yaron yana ta dariya, irin wadda ban taɓa ganin ya yi a gabana ba.

"Mun iso, Kawu. Nan nake cin abincin dare sau uku a mako."

Rumfa ce ƙarama da tebur uku da kujerun roba. A allon akwai harafin 素, wanda ake karantawa "su", da wata alama mai lanƙwasassun hannuwa huɗu da ta sa na ɗan ja baya, sai ya ce ta addinin Buda ce, ta girmi 'yan Nazi da dubban shekaru. Ma'anar allon ita ce ba nama, ba kitse, ba jini. Masu bin wannan tafarki suna da yawa a Taiwan, kuma rumfunansu su ne mafakar ɗalibi Musulmi. Wata dattijuwa ce a bakin kasko, mijinta yana wanke kwanuka. Tana ganin yaron ta washe baki, ya ce mata "Ayi", wato inna, ya nuna ni ya yi bayani. Ta ɗan rusuna, na ɗan rusuna.

Na leƙa kaskon. Awara ce.

Ba kama ba ce, ita ce. Farar awarar waken suya, yankan murabba'i, tana iyo a mai. Ni kuwa awara ba baƙuwata ba ce. Shekara tara Yaya ta yi tana soya ta a ƙofar gida bayan rasuwar mijinta, tun daga jiƙa wake da asuba, kai niƙa, tacewa, zuba ruwan tsami, ɗaurewa a buhu a danne da dutse, har zuwa la'asar da 'yan Islamiyya za su taso su kewaye kaskon. Da wannan kaskon aka biya kuɗin makarantar yaron da ke zaune gabana. Bambancin ta nan shi ne, bayan an yi awarar sai a tsoma ta a wani ruwa da aka tsima ganyaye a ciki wata da watanni, irin su alayyafo da tohon gora, ta kwana tana shan warin. Cau dofu suke ce mata, awara mai wari, ba su ɓoye ba.

Dattijuwar ta soya ta sau biyu, da farko a gefen da wuta ba ta da ƙarfi, sannan ta tura ta tsakiya har ta kumbura ta yi ja. Ta tsamo, ta huda kowace da almakashi, ta ɗura romo a ramin, ta tara kabeji mai tsami da zaƙi a gefe. Na toshe numfashi na kai baki. Bayan ƙaras-ƙaras, cikin kamar soso, ya sha romo, zafi na fita. Warin kuma, abin mamaki, a hanci ya tsaya, bai bi ta baki ba. Sai na tuna ranar da wani abokin kasuwancina Bature ya shiga kicin ɗinmu ana daka daddawa, ya fito yana neman iska, sannan ya zauna ya shanye miyar kuka kwano biyu. Wanda ya girma da daddawa ba shi da bakin yi wa wani dariyar wari.

Yaron ya kwance ƙullin ledarsa ya barbaɗa yajin a kan farantinmu. Nan awarar ta dawo gida. Muka ci ba mai magana.

Dattijuwar tana kallonmu. Ta matso ta nuna ledar, ta yi tambaya. Ya ce mata daga wajen mahaifiyarsa ne, yau ya iso. Na tura mata ledar, na yi mata alamar bismilla. Ta miƙo yatsa, sai ta tsaya, ta sake yin wata tambayar, a hankali, da 'yar kunya. Yaron ya juyo yana murmushi.

"Kawu, wai tana tambaya me da me aka sa a ciki. Akwai tafarnuwa? Akwai albasa? Akwai wani abu na nama?"

Ashe masu tsananta wannan tafarki ba nama kaɗai suke bari ba, har tafarnuwa da albasa da danginsu ba sa ci. Tun magariba muke yawo muna tsare mutane da tambayar me ke cikin abincinsu, ga shi an tsare mu da tamu, kuma ba mu da amsa. Na san akwai ƙuli da barkono da citta. Sauran sirrin mai daka ne. Na duba agogo. Goma saura a Taichung, uku saura na rana a Kano. Na ce ya kira uwarsa.

Ta ɗauka a bugu na biyu, fuskarta ta cika wayar. Ya gaishe ta, ta amsa a gajarce tana kallon gefe, kamar yadda ta saba, sannan ta ce a ba ta Auta.

"Yaya, yajin nan akwai tafarnuwa?"

"Wane irin zance ne wannan? Wa yake daka yaji ba tafarnuwa? Har da dunƙule na sa, mai ɗanɗanon kaza. Wani abu ya faru?"

Aka fassara. Dattijuwar ta janye yatsanta tana dariya, ta haɗa tafukanta biyu ta yi godiya. Mijin kuwa, wanda ashe bai kai ta tsanani ba, ya goge hannu ya dangwala ya lasa. Ya yi shiru, idonsa ya kawo ruwa, ya ɗaga babban yatsa, ya sake dangwala.

Yaya ta ce a juya wayar ta ga inda muke. Na nuna mata tebur, da lungun, da dattijuwar, suka ɗaga wa juna hannu. Sannan na karkata wayar kan kaskon. Ta matso da fuskarta har goshinta kawai muke gani.

"Auta, wancan ba awara ba ce?"

"Ita ce, Yaya. Ita yake ci. Da dankali, da rogo, da gyaɗa."

Ta yi shiru. Ina jin kukan akuya da muryar mai tallan ruwa ta bayanta.

"Duk kuɗin jirgin nan, awara ya je ci." Ta sake yin shiru, tana kallon yadda dattijuwar take tura yankan daga gefe zuwa tsakiyar mai. "Amma ta iya suya. Ka ce mata na ce ta iya. Ka ce kuma na gode."

Yaron ya faɗa da Sinanci, muryarsa ta ɗan sarƙe a tsakiya. Dattijuwar ta amsa da wata doguwar magana, ta ƙara mana yanka huɗu a faranti, ta ƙi karɓar kuɗinsu. Ban tambayi fassarar ba, shi ma bai bayar ba.

Ragowar ƙullin muka bar wa mijin. A hanyar komawa kasuwar tana nan yadda muka same ta, sai ma ƙaruwa, don nan sai bayan sha biyun dare ake fara naɗe rumfa. Da muka hau ɗaki yaron ya ɗauko gwangwanin, ya girgiza shi a kunne yana kiyasin wata nawa zai kai shi, ya sa a cikin durowa ya tura can ƙarshe, bayan takardunsa. Ni kuma na rataye rigata a taga, don da safe da ita zan shiga jirgi, kuma warin awarar ya kama ta har aljihu.